Inna Ba Ta Tsine Wa Ɗanta Ba

Zuwa ga Malam mai shirya fim ɗin tarihin rayuwar marigayi Darakta Lawan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka da abokan aikinka. Ban rubuta sunanka ba ko da yake na san shi, don ban zo tona wa kowa asiri ba. Ka san kanka, ni ma ka san ni. Ni ne ƙanin marigayi, uwa ɗaya uba ɗaya, manomin nan da ya shimfiɗa muku tabarma a gindin ɗorawa a ƙauyenmu na ƙasar Ɗanbatta, ranar sadakar arba'in ɗinsa. Na fito fili ne don na bi ta ɓoye har na gaji. Mahaifiyarmu, Inna, tana kwance. Yau kwana goma sha tara ba ta ci abin kirki ba, kuma tallan fim ɗinka ne ya kwantar da ita.

Ga mai karatu da bai san zancen ba, yayana Lawan ya yi shekara ashirin da wani abu yana shirya finafinai a Kano. Wasu sun ce ya ɓata tarbiyya da raye-raye, wasu sun ce abin da ake ɓoyewa a gidaje ya fito da shi, shi ya sa aka tsane shi. An zage shi a wurin wa'azi, an yabe shi a gidan kallo. Ban zo shiga wannan gardama ba, ya riga ya je inda za a yi masa hukuncin gaskiya. Maganar tsohuwar da ya bari ce ta kawo ni.

Na farko, bari in tuna maka yadda kuka shiga gidanmu. Kun zo ku huɗu a mota, kuka ce ta'aziyya kuka zo yi. A wurinmu ba a korar mai gaisuwar mutuwa, ko da da maƙiyi ya zo. Bayan an shafa fatiha ka ce kana haɗa tarihin marigayi don a riƙa yi masa addu'a, kana so ka gaida mahaifiyarsa. Ni na yi muku iso, ni na ɗaga muku labulen ɗakinta, wannan laifin nawa ne kuma ina ɗauke da shi. Aka kafa kyamara. Ka durƙusa kamar ɗan arziki ka ce, "Inna, faɗa mana sunan ɗanki." Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wajen bango. Ka sake tambaya ko tana alfahari da shi. Ta ce, "Ni ba ɗana ba ne, ɗan Gwaggo ne. Me na sani a kansa?"

Wannan guntun ka yanke ka sa a tallan. Ka cire "ɗan Gwaggo ne", ka bar "ni ba ɗana ba ne". Ka ɗora kiɗa mai sa kuka, sannan wata murya ta biyo baya tana cewa har uwar da ta haife shi ta ƙi ambaton sunansa. Ba a yi mako ba tallan ya shiga kowace waya, daga Kano har rumfar mai shayin ƙauyenmu.

Malam, Lawan ɗan fari ne. Inna tana cikin matan da suka tashi da kunyar ɗan fari, kuma ita ba ta sassauta ba ko da zamani ya sassauta. Tun da aka yaye shi aka miƙa shi ga Gwaggo, yayar Babanmu, ita ta raine shi. Shekara hamsin da biyu ya yi a duniya, Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba ko sau ɗaya. Na-Gwaggo take ce masa. Akwai wani Lawan mai faci a bakin hanya, shi ma ba ta faɗin sunansa, sai ta ce "mai sunan yaron Gwaggo". In Yaya ya zo gida, durƙusawa yake a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ita kuma ta amsa tana kallon ƙwaryar da ke hannunta. In ya fita sai ta kira ni ta ce, "Ka tambayi baƙon nan ko ya ci abinci." Alhali tun jiya ta sa aka kama zakara saboda baƙon nan. In aka ambace shi a rediyo sai ta miƙe wai za ta duba awaki, ta je ta tsaya bayan zana har a gama maganar. Mun sha yi mata dariya a kan awakin nan da ba sa bukatar dubawa sai an ambaci Darakta.

Na biyu, kuma shi ya fi ci mini rai: ba rashin sani ba ne. Da baƙo ne kai daga wata ƙasa da na yi maka uzuri. Amma da kuka fito daga ɗakin, a gindin ɗorawar nan, kana shan furar da ta sa aka dama muku, na yi maka wannan bayanin duka. Ka yi dariya ka ce kakarka ma haka take yi wa mahaifinka. Na kai ku bayan gida na nuna muku ƙaramin rumbunta. Na gaya muku Inna tana da 'yar gayaunarta, gonar da take nomawa don kanta, kuma kowace kaka damin geron farko da aka ɗaure a can ba a haɗa shi da na gandu. Ita take sussuka shi da hannunta, ta sheƙe, ta ɗura a buhu, ta ba direban motar Ɗanbatta ta ce, "Kai wa mutanen Kano." Ba ta fasa ba ko shekarar da aka fi zaginsa. Kyamararku tana kunne lokacin da nake faɗa, na ga jar fitilarta. Ina wannan hoton yake? Ko shi ba ya jawo masu kallo?

Na uku, yadda ta ji. Inna ba ta da waya, kuma mun haɗa baki da matan gida kada kowa ya gaya mata. Mun yi kwana tara muna rufewa. Ran nan da hantsi tana zaune a tsakar gida ana ɓarar gyaɗa, sai ga wasu mata uku daga wajen Gezawa, ba mu san su ba, da turmin atamfa da sabulu. Suka durƙusa suka ce sun zo ganin uwar da ta fifita addini a kan ɗanta, Allah ya saka mata da ta ɗaga wa ɗan fim nono. Da zuciya ɗaya suka zo, ban riƙe su ba. Inna ta ce, "Wa ya ɗaga wa wa nono?" Sai ɗayarsu ta ciro waya ta nuna mata. Ina gona aka aiko mini. Na tarar da ita zaune inda suka bar ta, gyaɗar na cinyarta, ba ta ɓare ko ɗaya ba. Matar da ba ta yarda an ga hawayenta ranar da aka kawo gawarsa ba, don kada a ce ta yi kukan ɗan fari, ita ce na samu tana kuka a gaban jikokinta.

Tun daga ranar cokali biyu uku na kunu take sha ta ture. Na kai ta asibiti a Ɗanbatta, suka ce jininta ya hau, suka ba da magani, suka ce a raba ta da damuwa. Yaya zan raba ta da abin da ke cikin wayar kowa? Tambaya ɗaya take maimaitawa, ko bakin mutane zai same shi a kabari tun da duniya ta shaida uwarsa ta tsine masa. Liman ya zo har ɗakinta ya gaya mata Allah zuciya yake dubawa, kuma ba a rubuta mata abin da ba ta faɗa ba. Ta gyaɗa kai, ya tafi, ta sake tambayata. Abin da ya fi tsorata ta shi ne a daina ce masa Allah ya jiƙansa. Kuma ba ta yi ƙarya ba. A kasuwar Ɗanbatta na ji da kunnena mai wa'azi yana ba da misali da mu, yana cewa a dubi ƙarshen ɗan fim, uwarsa ma ta sallama shi. Ina tsaye da buhun taki a ka, ba wanda ya san ni ne ƙaninsa.

Na huɗu, na neme ka. Sau uku ina barin gyaɗata a gona ba a tuge ba ina shiga motar Kano. Zuwan farko aka ce ka yi tafiya. Na biyu na zauna a benci daga safe har la'asar, na ga motarka a ƙofa, aka ce kana taro. Na uku wani abokin aikinka ya fito ya dafa kafaɗata ya ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka, talla ce kawai, in fim ɗin ya fito za a manta." Wayarka tana shiga ba ka ɗauka. Yanzu an ce mako mai zuwa za a fara nuna fim ɗin gaba ɗaya. In talla ta minti biyu ta yi mata haka, ban san abin da cikakken zai yi ba, kuma ina jin tsoron ba za ta kai lokacin ba.

Akwai abin da ban gaya maka ba a gindin ɗorawa, don kunya. In fim ɗinka ba zai yi armashi ba sai da wani na jini da ya juya wa Lawan baya, to akwai shi, amma ba Inna ba ce. Ni ne. Shekarar da ya kawo 'yan wasa suka yi rawa maza da mata a cikin geron gandunmu, dattawan gari suka kira Baba suka ci masa fuska, ni na tsaya a bakin masallaci bayan an idar da Juma'a na ce daga yau ba yayana ba ne. Shekara bakwai ban gaishe shi ba. In ya shigo ta zaure ni in fita ta baya. Buhun geron nan da nake yi muku alfahari da shi, akwai shekarar da na ƙi ɗora shi a mota, Inna ta ɗauka a kanta da tsufanta ta kai bakin titi. Ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Mutanen Kano ma suna cin tuwo." Da ya kwanta ciwo sau ɗaya na je, na tarar ba ya gane mutane. Wannan labarin gaskiya ne, akwai shaidu gari guda. Ka zo ka ɗauke ni ina faɗa, ka ɗora kiɗan da kake so, a zage ni a kowace waya. Na cancanta.

Ga roƙona, kuma da a gabanka nake da a durƙushe zan yi shi.

Ka janye tallan nan daga duk inda hannunka ya kai, ka cire hoton Inna daga fim ɗin kafin a nuna shi. In ba za ka cire ba, ka mayar da maganarta cikakkiya, ka haɗa da hoton rumbun da bayanin da na yi maka. Sannan ka fito da bakinka, a inda ka saki tallan, ka ce ba ta tsine masa ba. Jimla ɗaya ce. Zan kai mata wayar har shimfiɗarta ta ji.

Abu na ƙarshe ba roƙona ba ne, saƙonta ne, kuma ban so isar da shi ba. Shekaranjiya bayan azahar ta kira ni ta ce, "Je ka kirawo masu hoton nan. Ka ce su dawo, zan faɗa." Na ce me za ta faɗa. Ta ce, "Sunan." Jiya na zo wucewa ta ƙofar ɗakinta na ji tana gwadawa ita kaɗai, a hankali, tana farawa tana tsayawa. Malam, wannan kunyar ita ce hanyar da ta san ana son ɗa da ita, da ita ta riƙe shi shekara hamsin da biyu. Yanzu tana shirin ajiye ta a gaban kyamara, a gaban duniya, don a yarda ba ta ƙi abin da ta haifa ba. In so samu ne, ka gyara abin da ka ɓata tun ba ta kai ga haka ba. In kuwa ba za ka saki wancan hoton ba sai an ba ka wani a madadinsa, to ka zo ka ɗauka, amma ka yi sauri, muryarta tana raguwa kullum.

Hanyar ba ta canja ba. In kun sauka daga titin Ɗanbatta kuka manta kwanar, ku tambayi kowa gidan matar da ta tsine wa ɗanta, za a nuna muku. Yanzu da wannan sunan aka san gidanmu.

Allah ya yi maka jagora a aikinka, ya rufa maka asiri, ya raya maka mahaifiyarka cikin mutuncinta, ya sa kada wani ya yanke maganarta rabi. Allah ya jiƙan Yaya Lawan. Wanda ya karanta ya kai nan, don Allah ya ce amin, zan gaya mata an ce.

Wassalam.

Naka,
Ƙanin marigayi, manomi a ƙasar Ɗanbatta.