Abin da Iya Ta Ce a Goge

Ƙofar Jatau,
Birnin Zariya.

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Ibtisam da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a ƙasar mutane, ya sa albarka a aikin da ya kai ka can Malesiya. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Damina ta yi kyau, illa dai ta ci katangar gidanmu na Ƙofar Kibo ta wajen rijiya, amma maigidana, Baban Khairat, ya sa an tayar da ita. Gwaggo Mariyamu ciwon ƙafa ya matsa mata, bakinta kuwa ƙalau yake, ka san ta. Ita kaɗai ce babba a gidan yanzu, shi ya sa nake leƙa ta kusan kullum.

Za ka yi mamakin ganin doguwar takarda daga wurina, ni da ko saƙon waya nake ƙyuyar rubutawa. Dalili shi ne, duk lokacin da ka kira ka ce in turo maka muryar Iya don yara su ji kakarsu, sai in kama kame-kame, yau in ce babu wuta, gobe in ce sabis ne. Maganar ce ta fi ƙarfin bakina. Na sha ɗaukar waya in kira ka, in mayar da ita in ajiye. Don haka na ce bari in zauna in rubuta, tunda ita takarda ba ta shaƙewa da kuka.

Ka tuna had-dis ɗin da ka bar mana a zuwanka na ƙarshe, 'yar na'urar ajiyar nan da ake jonawa da kwamfuta, wanda Iya ta sa wa suna batta, wai bai fi battar turarenta girma ba. Ka ce mu riƙa ɗaukar maganarta da waya, waƙoƙin wa'azin da ta haddace tun tana yarinya, da tarihin dangi, da gaisuwar da take yi wa yaranka, 'yata Khairat kuma ta riƙa juyewa cikin battar. Da farko Iya ta ƙi, ta ce ita ba 'yar gidan rediyo ba ce. Daga baya ita da kanta take cewa a kawo waya, ta tuno wani baiti. Wayar nan kuwa ta faɗa rijiya jim kaɗan bayan rasuwarta, na gaya maka a lokacin. Ka ga ke nan duk abin da ya rage mana na muryar Iya a duniya yana cikin batta.

To, gab da komawarsu jami'a, Khairat ta ce sai ta sabunta manhajar kwamfutarta, don tsohuwar ta daina karɓar ayyukan da ake ba su. Ta zauna yini guda kwamfuta tana yi mata tambayoyi, ita kuma tana danna eh. Da ta gama sai ta jona batta don ta turo maka abin da ka nema. Nan ma kwamfutar ta fito da wata tambaya, wai sai ta shirya battar kafin ta yi aiki, an amince? Hannu ya riga ya saba, ta danna. Da ta buɗe, wayam, ko ƙura babu. Ta zo ta durƙusa a gabana, ta nuna mini abin da ya faru. Ban yi mata faɗa ba, don tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma wallahi Yaya, ji na yi kamar an sake fita da makara daga gidanmu.

Abin da ya fi tsorata ni ya zo daga baya. Na zauna in tuno muryar Iya, sai na kasa. Ina tuna abin da take faɗa, ina tuna yadda take karkata kai in za ta yi faɗa, amma sautin ya ƙi zuwa. Ashe na sake ne, na bar wa batta ajiyar abin da ya kamata in riƙe a kunnena. Kwanakin nan ko abinci ban ji daɗinsa ba.

Baban Khairat ne ya kai mu wurin wani mai gyaran kwamfuta a Tudun Jukun, Malam Zailani. Tambayarsa ta farko ita ce ko mun zuba wani sabon abu a ciki bayan abin ya faru. Muka ce a'a. Ya ce to da sauran rai. Ya ce abin kamar allo ne, in an wanke shi kana iya ganin inuwar rubutun jiya a jikin itacen, matuƙar ba a yi sabon rubutu a kai ba. Bai yi mana alkawari ba. Ya dai ce zai jona ta da kwamfutarsa ta bi ta lungu-lungu, mu je mu yi ta addu'a. Ya kuma faɗi wata magana da ban riƙe da muhimmanci ba a ranar, cewa manhajar da yake aiki da ita ba ta bambance abin da ya ɓace jiya da abin da mai shi ya goge da gangan tuntuni. Duk abin da ta tarar kwasowa take yi.

Da ya kira mu, ya ce an samu da yawa, amma ba duka ba. Sunayen da Khairat ta sa wa kowane ɗauka sun tafi, sai lambobi kawai, na bara ya haɗu da na bariya. Ya juye mana a sabuwar batta, ya ce sai mun saurara ɗaya bayan ɗaya kafin mu san mene ne mene. Hotuna ma haka. Akwai wanda Iya take zaune a bakin ƙofarta, fuskarta ta fito tas, amma daga ƙirji zuwa ƙasa ya zama toka-toka, kamar tana nutsewa cikin ruwa. Na ce Khairat ta rufe shi.

Na kasa sauraro a gidana. Sai na riƙa ɗaukar kwamfutar bayan la'asar in tafi ɗakin Iya, wanda har yanzu yake yadda ta bar shi, da buzunta da butarta. Ranar farko ban gaya wa Gwaggo abin da zan yi ba. Ina dannawa, sai ga Iya ta yi sallama, irin tata mai jan ƙarshe. Daga tsakar gida na ji Gwaggo ta amsa, har da cewa maraba. Da na leƙo na same ta tsaye da faifai a hannu, ta ƙura wa labulen ɗakin ido. Ta ce in dai zan ƙara kunna wannan abu in riƙa faɗa mata tukuna, zuciyarta ba ta yara ba ce. Amma ba ta koma ba, ta shigo ta zauna a bakin gado.

Haka muka yi ta yi. Wani ya fito lafiya, wani kuma Iya za ta ɗauko baiti, ta kai tsakiya, sai ya yanke kamar an rufe mata baki. Wani babu magana sam, sai ƙarar carbinta da kiran sallar masallacin bayan gida. Akwai wanda take kiran sunana in kawo mata ruwa, wallahi sai da na yunƙura zan tashi. Tun daga lokacin, in na shiga soron gidan nan, kunnena yakan riga ni isa ɗakin.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Ban manta abin da ka faɗa mini a soro ba ranar da za ka koma. Ka ce ka haura shekara arba'in ba ka taɓa jin sunanka a bakin wadda ta haife ka ba. In da kai take, sai ta ce kai. In da mu take, sai ta ce yayanku. Ko gaisuwar da take aika maka, ta hannun ɗanka Haisam take bi, ta ce ya gaida babansa. Ka ce ka san kunyar ɗan fari ce, ka san haka iyayenmu suka tarar, amma sani ba ya hana ciwo. Ka yi dariya da ka faɗa, ni kuwa na ga idonka. Ba ku sake ganin juna ba, har aka kai ta kana cikin neman jirgi.

A ciwonta na ƙarshe, gab da ƙaramar Salla, na kunna mata waya ta yi wa yaranka barka da Salla, na fita duba tukunya. Washegari ta tambayi ina wanda ta yi jiya yake. Khairat ta ce ta riga ta juye shi a batta. Iya ta ce a ɗauko a goge, tari ya ɓata mata shi, za ta sake wani. Khairat ta goge a gabanta, babu wanda ya saurara a cikinmu. Iya ta tambaya ko ya fita ke nan har abada, muka ce mata ƙwarai kuwa. Ta ce madalla, ta gyara kwanciya.

Yaya, shi ne ya dawo. A cikin duk abin da Malam Zailani ya ceto, babu wanda ya fito garau kamarsa. Da farko muryata ce ina cewa bari in duba tukunya, sai takun ƙafata, sai motsin labule. Shiru ya biyo baya, sai carbi. Can Iya ta yi gyaran murya, ta yi ƙasa da ita sosai, ta ce, "Suhaibu." Ka yafe mini rubuta shi, haka ta faɗa. Sai ta yi shiru, irin shirun wanda ya yi kira yana jiran a amsa. Da ba ta ji komai ba, sai ta sake kira. Daga nan ta shiga yi maka addu'a, kowace da sunanka a gaba, Allah ya yi maka albarka, ya rufa maka asiri, ya sa 'ya'yanka su ji ƙanka. Babu tari ko ɗaya a ciki. Abin da ya karya ni shi ne, sunan bai yi mata nauyi a baki ba. Ba faɗar mai koyo ba ce, faɗar wadda ta daɗe tana yi ce inda babu mai ji sai Allah. A ƙarshe aka ji takuna ina dawowa, sai ta ɗaga murya yadda muka santa, ta ce Haisam ya gaida babansa.

Ni da Gwaggo muka yi kuka har aka kira magariba. Bayan nan sai tsoro ya kama ni. Mace ta riƙe kunyarta shekara da shekaru, ta ce a goge, muka tabbatar mata an goge, ta tafi a kan haka. Baban Khairat ya ce amanar mamaci amana ce, shi da za a bi tasa, a sake gogewa. Gwaggo kuwa ta ce Iya ta ce ku goge, kun goge, wanda ya dawo da shi ba ku ba ne. Ta ce ita ma tana da ɗan fari, ta san abin da ke maƙale a maƙogwaro. Na yi ta juya maganar nan ina istigfari. Duk shigata ɗakin sai in ji kamar Iya tana kallona daga kan buzu, ban kuma san kallon hani ne ko na roƙo ba.

Ga inda na tsaya, in na yi kuskure Allah ya yafe mini, ita ma ta yafe. Mu Iya take jin kunya, mu da muke tsakar gida, kuma mun riga mun ji abin da ba namu ba. Kai kuwa kai aka kira. Ba ni da ikon riƙe kiran uwa a aljihuna. Khairat za ta ɗauki hoton takardar nan ta turo maka, tare da duk abin da aka samu. Shi wannan na sa ta ware shi daban, shi ne na ƙarshe. Da ya isa gare ka, za mu goge namu, a wannan karon mu kai wa Malam Zailani ya yi masa gogewar da ba ta dawowa.

Ka gaida mini Anti Ibtisam da kyau, ka shafa mini kan Haisam da Batul, ka ce Gwaggonsu Radiya tana nan tana jiran su zo su ci tuwon gida. Baban Khairat yana gaishe ka. Gwaggo Mariyamu ta ce ka aiko mata man zafi, na wancan karon ya ƙare. Khairat tana gaishe ka tana neman gafara, ka kira ta don Allah, har yanzu a tsorace take. Allah ya jiƙan Iya da Baba, ya haskaka makwancinsu, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Kada ka kunna shi a ofis ko a mota. Ka sami wuri kai kaɗai, ka yi alwala in ka so. Tsakanin kira na farko da na biyu akwai shirun nan da na faɗa maka, ya isa mutum ya ce na'am. Yaya, ka amsa mata.

Taka ƙanwa mai ƙaunarka,
Radiya.