Ƙafata Ba Ta San Na Yi Ritaya Ba

Daren Talata, Agege

Yau ƙafata ta ba ni kunya. Muna atisaye da yaran makaranta a filin bakin layin dogo, usur a bakina, sai ƙwallo ta gangaro wajena daidai lokacin da jirgin ƙasa ke wucewa. Wallahi ƙararsa sak ihun 'yan kallo. Yashi ya koma ciyawa a idona, fitilu suka haska, na ji ana kiran sunana ta ko'ina kamar da. Ban san sanda na ɗirka ta ba.

Da jirgin ya wuce, sai ga Sadiƙu, ɗan ƙaramin golanmu, tsugune yana riƙe da yatsunsa. Bai yi kuka ba. Cewa ya yi, "Koci, ai ka ce yau ni za ka koya wa." Ya cire safar hannu ya nufi gida.

Na ba matata labari tana kwashe tuwo. Ta ce, "Baban Amira, kai ka ajiye ƙwallo, ita ba ta ajiye ka ba."

Gobe kafin in shiga aji zan biya ta teburin shayin baban Sadiƙu in ba da haƙuri. Dama da ƙyar ya yarda yaron ya riƙa zuwa. Allah Ya sa yatsun ba su goce ba.

Takalman ƙwallona na cusa su can ƙarƙashin gado. Ga wani jirgin can yana tahowa, ina kwance, ƙafar dama ta fara motsi.