Muryar Safara'u a Cikin Kwamfuta

Litinin, 7 ga Oktoba

Kai mai leƙen littafin mutane, tunda ka buɗe sai ka biya. Ƙulunƙulufita! Su biyu ne, kullum safiya sai sun tashi unguwa da faɗa, ba wadda ta taɓa ka da 'yar'uwarta. Ran da aka ɗauke ɗaya, ɗayar ta rasa amfanin bakinta. Su waye?

Kar ka ce turmi da taɓarya. Na faɗa, dariya aka yi min.

Safara'u ce ta ɗaura min shi, maƙwabciyata ta bayan katanga, wadda tun muna amare muke gasar tatsuniya da kacici-kacici. Ta ce in na gaza in ba ta gari ta faɗa min amsa, kamar yadda ake yi. Ni Lauratu in ba Safara'u gari? Na ce ta jira. Ba ta jira ba. Da damina ta tafi, Allah ya jiƙanta. Har a nan ma sai da ta yi min wayo.

Kafin ta kwanta ciwo, jikata Hafiza ta naɗi muryarta a kwamfuta, wai aikin kwalejinsu ne tattara tatsuniyoyin tsofaffi. Ta ce amsar na ciki, in zo in ji. Ban je ba. Da kaina zan gano.

Laraba, 9 ga Oktoba

Kwamfutar nan ta fara iskanci. Jiya Hafiza ta kai ta shagon caji ta cika fam, ta rufe ta, ta sa a jaka ta jingine a bangon ɗakina. Yau da hantsi ta ɗauko, jakar zafi kamar an sauke waina, batir kuwa babu ko ɗigo. Wai barci ta sa ta. Wane irin barci ne mutum zai kwanta da ƙoshi ya tashi ya cinye rumbu?

Sai ta kalle ni ta ce, "Inna, ko dai kin taɓa?"

Ni! Me zan taɓa a faranti mai haƙora? Na ce ta tambayi kaji.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Yau ma haka. Kuma yau ma an kalle ni.

Asabar, 12 ga Oktoba

Kwamfutar ta ƙi tashi sam. An sa mata caji, fitilarta ta kawo, fuskarta ta yi haske, wani ɗan zobe yana ta juyawa kamar akuya a turke, sai ta ɗauke. An sake, haka. Hafiza ta zauna a tabarma ta zabga tagumi. Na ce to ai kin ajiye muryoyin a wani wuri ko? Ta ce da niyyarta ta kwafe a filashi, ɗan abin ajiyar nan kamar ƙaramin yatsa, ba ta samu sukuni ba.

Ba ta samu sukuni ba! Yarinyar da take da sukunin gyara ɗaurin ɗankwali a gaban madubi tun daga walaha har azahar.

Ban ci tuwo sosai ba. Miyar ce gishiri ya yi yawa.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na bi Hafiza kasuwar Ɗambatta wurin mai gyara. Ta ce in zauna gida saboda gwiwata, na ce gyaɗar miya zan sayo.

Sunansa Abdulkabir, rumfarsa cike da gawarwakin waya da kwamfuta. Ya danna nan, ya danna can, ya ce mafi sauƙi a wanke ta a zuba mata sabon aiki. Na ji daɗi, na ce dama ta yi dauɗa. Hafiza ta raɗa min cewa wankin nasu na nufin a share duk abin da ke cikinta.

Na miƙe. Na ce, "Yaro, akwai tsohuwa a ciki. Ka wanke ta, ni ma sai ka wanke ni."

Ya ce, "Hajiya, tsohuwa kuma?"

Na ce ban je Makka ba tukuna, amma in ya share min Safara'u zai ga aikin hajji a rumfarsa, da jifa da komai. Masu sayar da caja duk suka taru suna dariya. Ban ga abin dariya ba.

Allah ya sa yana da haƙuri. Ya ce abin da ya faru, irin wannan kwamfuta in ta ga batir zai ƙare sai ta tattara abin da take yi ta ƙulle, ta shiga dogon barci. To ita tana cikin ƙullin wuta ta yanke, shi ya sa in ta farka take tsayawa tana laluben bakin zaren. Ya cire caja, ya danne madannin kunnawa ya daɗe bai saki ba, ya bar ta ta sha wuta, ya sa ta watsar da wancan ƙullin ta fara daga farko. Ta tashi. Hafiza ta duba, muryoyin suna nan. A gabana aka kwafe su a filashi, na ƙulle shi a bakin zanina.

Amma ya ce batirin lafiyarsa ƙalau. Wani abu ne yake tashinta a cikin jaka, ta yi ta aiki a rufe har ta ƙone wutarta. Mu je mu nemo shi.

Gyaɗar miya na manta ban sayo ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Wai ni ce! Wai taɓaryata!

Da safe ina surfen sabon gero a gindin bango, inda turmina yake tun zuwana gidan nan, Hafiza ta fito da gudu ta ce in tsaya. Na tsaya. Ta ce in buga ɗaya. Na buga. Ta koma ɗaki ta yi ihu. Ashe ɗan abin nan da take jujjuyawa da hannu, wanda suke kira ɓera, a jaka ɗaya take cusa shi da kwamfutar ba ta kashe shi. Jakar tana ƙasa jikin bango, turmi yana bayan bangon. In na buga ƙasa ta amsa, ɓera ya motsa, ita kuma ta zaci an zo aiki ta farka.

Ta ce, "Inna, kin ga ashe kin taɓa."

Na ce turmin nan ya girmi ubanki. Uban naki da wannan dakan yake barci a bayana, bai taɓa farkawa ya cinye min rumbu ba. Baƙuwa ta zo jiya, a ce mai gida ta daina daka? Ta kashe ɓeranta, ta kashe kwamfutar gaba ɗaya kamar yadda mutane suke kashe fitila, ta rataye jakar a ƙusa.

Duk ta yi. Tana yi tana dariya, mara kunya.

Laraba, 16 ga Oktoba

Batir ya kwana lafiya ya wuni lafiya. Ba wanda ya ba ni haƙuri.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Na sa an mirgina turmin zuwa gindin darbejiya. Don inuwa ne. Rana ta fara damuna a can.

Bayan la'asar na ce wa Hafiza ta kunna a gwada, kar a ce mai gyara ya cuce mu ba mu sani ba. Ta kunna. Sai ga tarin nan na Safara'u da take yi kafin ta fara ƙarya. Ta yi tatsuniyar da ta sace a wurina, ta ɓata ƙarshenta kamar kullum, har na ce "ba haka ba ne" da ƙarfi. Sannan ta jefa kacici-kacicin, ta ce, "Hafiza, in Laure ce a gefenki, ki tsayar. Kar ki saki sai ta ba ni gari."

Yarinyar nan kuwa ta tsayar.

Na ce na ba ta garin Kunci. Hafiza ta ce Baba Safara'u ba za ta karɓa ba. Na ce Zakirai. Ta naɗe hannu. Na ce to Safara'u ta ɗauki Kano, da Kurmi da Dala da komai, ta je ta ci, ai dama ta saba cin banza.

Hafiza ta saki. Na ji. Sai da na sa aka maimaita, don kunnena na hagu ba ya ji sosai, kuma hayaƙin murhu ya shigar min ido.

Amsar dai ba turmi da taɓarya ba ce. Ni ce da Safara'u.