Na Soke Hajjin Maƙwabcina Don Uwata

Assalamu alaikum Malam Edita, da masu karanta wannan shafi. Ina roƙo a sakaya sunana, kuma a ji ni har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci. Ni magidanci ne a Tudun Wadan Zariya, bara na shiga ajin yaƙi da jahilci, da hannuna na rubuto wannan, a yi haƙuri da shi.

Wana ya tafi Makka a ƙasa tun ina saurayi, har yau babu shi babu labarinsa. Innarmu ta tsufa, idonta ya yi rauni, abin da ke riƙe da ita shi ne cewa hanyar ce ke da nisa. Kullum sai ta ce, "Yana tafe, ƙafa ce, ba a yi mata gaggawa." Ni kuma in ce haka ne. Rannan malaminmu ya shimfiɗa taswira, ya ja zare daga Kano zuwa Jidda, ya ce jirgin sama ba ya wuce kwana biyu. 'Yan aji na ta mamaki, ni kuwa sai na tuna Inna. Da na koma gida ta ce me aka koya mana, na ce baƙaƙe.

To, bana maƙwabcinmu, wani tela mutumin kirki, ya sauke farali ta jirgi. Da ya dawo ya aiko mata da dabino da zamzam. Ta kira ni ta ce, "Kai, ba da ƙaramar salla na ji muryarsa a zaure ba? Yaushe ya je har ya dawo?" Ban san lokacin da na ce mata, "Inna, bai kai ba, a Kano ya juyo." Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Na sani. Da ana zuwa a dawo haka, da ɗana ya daɗe a gida."

Na ɗauka maganar ta mutu a ɗakin. Ina na san za ta gaya wa tsofaffin da ke zuwa taya ta kaɗi? Yanzu maganar ta zaga unguwa har Hanwa. Mutumin da ya sayar da gonarsa ya je ɗakin Allah, yara na ce masa Alhajin Kano. In ya shigo gaishe ta sai ta ce, "Sannu Malam, an gode da dabinon kasuwa." Ya yi murmushi ya fita. Wane irin mutum ne ni? Shekaranjiya ya tare ni a bakin masallaci ya ce, "Kai da ka fara karatu, mutane na jin maganarka, taya ni gano wanda ya ƙulla mini wannan." Na ce to, Alhaji.

Wallahi na gaji. In na wanke shi, dole Inna ta san kwana biyu ne tsakaninta da inda ɗanta ya nufa, kuma bai zo ba. In na yi shiru, na bar bawan Allah da sunan maƙaryaci. Jibi Juma'a ya ce zai zo ya ji abin da na gano, kuma a ƙofar ɗakinta yake zama.

Jama'a, me zan yi?