Gwiwar Baba

Litinin, 3 ga Maris
Mun kai Baba asibiti saboda gwiwarsa. Likitan ba ya jin Hausa, Baba ba ya jin Turanci, ni ce a tsakiya kamar kullum. Hanya biyu ce: ko a yi masa aiki ya kwanta na 'yan watanni, ko allura duk wata, ga sanda a hannu. Na ce wanne ya fi? Sai ya ɗaga kafaɗa ya sako min wata maganar Turawa, wai shida ce da rabin dozin. Ni na zo da ƙafar ubana, shi yana yi min lissafin ƙwai! Da Baba ya tambaye ni me aka ce, na ce, "Wai za su duba."

Laraba, 5 ga Maris
Na bincika maganar a waya. Nufinta duk ɗaya ne, babu wanda ya fi. Ashe irinta suna da yawa a bakinsu, kowace ladabtacciyar hanya ce ta cewa ya rage naki. In duk ɗaya ne, abin da ya biyo baya a wuyana yake.

Alhamis, 6 ga Maris
Yaya ya kira. "Ke kika yi boko, ke za ki zaɓa." Ya kashe wayarsa, ya huta.

Asabar, 8 ga Maris
Na leƙa shago. Baba yana taka keken ɗinki da ƙafa mai lafiyar, ɗayar a miƙe kan kwalin yadi. Da yamma na ji shi yana hawa bene, kowace matakala da nishinta, ga shi ba ya son a riƙe shi. Ba zan iya jin wannan nishin har abada ba. Aiki za a yi. Ko me Baba ya ce, ai abin da ya fito daga bakina kaɗai likita zai ji. Allah ya yafe min.

Litinin, 10 ga Maris
Ina shafa masa man zafi, maganar ta kuɓuce min. Na faɗa masa duka, har da rabin dozin ɗin. Ya yi dariya.
"A wurin likita ne ɗaya, Uwata. In na kwanta, wa zai riƙa ɗaga ni zuwa banɗaki? Ke?"
Na ce ni ba zan damu ba.
"Ni zan damu." Bango yake kallo, ba ni ba. Wai gara ya yi ta ɗingishi da mutuncinsa.
Haushi ya kama ni, kunya ma ta kama ni. Ko sau ɗaya ban yi tunanin banɗakin ba.

Talata, 11 ga Maris
Gobe asibiti. Har yanzu ban san abin da bakina zai faɗa ba.

Laraba, 12 ga Maris
Likita ya tambaya. Baba ya ce allura. Su biyun suka zuba wa bakina ido. Kalmar aiki tana nan a kan harshena, babu wanda zai taɓa ganewa.
Na ce allura.
Ba wai na yarda ba ne, har yanzu gani nake aikin ya fi. Mun sayi sanda a hanya, yana ta mitar wai ta tsofaffi ce. A bene ya yi nishinsa, na bi shi a baya hannuwana a rungume.
Yaya ya kira yana tambayar wa ya zaɓa. Na ce mai gwiwar.