Ranar Da Muka Hura Wuta a Ulsvær

Sandvåg, 9 ga Satumba, 1968

Zuwa ga ƙanena Eilif,

Ina miƙo maka gaisuwa mai yawa daga wannan gefen teku, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Doris da yara. Ina roƙon Allah ya tsare ka duk lokacin da jirgin ruwanku ya nufi Alaska, ya dawo da kai ga iyalinka da ƙafafunka. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Torleif ya samu aiki a wurin gyaran kifi na bakin tasha, kullum yana dawowa gida yana ƙarni amma a bushe, abin da ban taɓa gani ba tun da na aure shi. Yarana Oddrun da Sverre sun shiga makaranta, da ƙafa suke zuwa, da ƙafa suke dawowa cin abincin rana. Inna ma tana nan, tana ci tana sha, ta ɗan rame amma ba ta kwanta ba. Na san ka riga ka dubi saman takardar ka ga sunan garin da ba namu ba, ka ɗauka kuskure na yi. Ban yi kuskure ba. Yanzu babu kowa a Ulsvær, kuma zan gaya maka yadda aka yi tiryan-tiryan, don kada ka ji a bakin wani ya rage maka wani abu saboda tausayi.

Shekara biyu ke nan da takardar hukuma ta iso mana. Za a taimaka wa mutanen ƙananan tsibirai su koma inda akwai hanya da likita da lantarki, amma da sharaɗi ɗaya: sai kowane gida ya sa hannu, gida ɗaya ya ƙi an fasa wa kowa. Gida bakwai muka rage. Shida suka sa hannu tun kafin jirgin da ya kawo takardar ya juya. Namu kuwa sunan Inna ne a kai tun ranar da teku ta ci Baba, ita kuma ta ce atafau. Wai kakanninta sun yi shekara ɗari uku a kan dutsen nan, da kwando suka riƙa ɗebo ciyawar teku suna ruɓar da ita har ta zama ƙasar da muke shuka dankali, ba ita ce za ta zama wadda ta rufe ƙofa ba. Wai kuma wa zai gyara wa tsuntsayenta ɗaki? Daga ƙarshe sai ta faɗi na gaskiyar, wai ai Eilif yana nan dawowa, ba zai zo ya tarar da kango ba.

Kai ka tafi kana da shekara goma sha tara, a watan Yuni, lokacin da rana ba ta faɗuwa kuma teku ta kwanta kamar an shafa mata mai. Shi ya sa a wasiƙunka tsibirin nan ya zama aljanna. Ka manta Janairu, ka manta yadda iska take ɗebo ruwan gishiri ta watsa a rijiya, ka manta mako shida babu ganin rana. Ni ban manta ba. A Janairun bara ne maƙogwaron 'yata Tordis ya toshe, tana da shekara huɗu. Kwana tara iskar arewa maso yamma tana kaɗawa. Sau uku Torleif yana tura jirgi, sau uku teku tana dawo da shi ta buga da dutse, likita yana can nesa da mu da tafiyar sa'a biyu kacal. Bayan ta cika ma sai da akwatinta ya ƙara kwana huɗu a rumfar jirage, saboda ka san babu inda ƙasa ta kai zurfin kabari a Ulsvær. Ka aiko da kati mai hoton fure. Na gode, yana nan cikin akwati.

Dokar watan Mayu ba sai na tuna maka ba, an sha murɗe mana kunne a kanta. Bana ma haka Inna ta yi kamar kullum. Tun Afrilu ta busar da ciyawar teku, ta share 'yan ɗakunan duwatsu da na ƙarƙashin tsofaffin jiragen da aka kife, ta shimfiɗa sheƙa sama da ɗari uku, tana tafiya a duƙe da bayan nan nata. An kwashe kyanwoyi an kai su babban tsibiri. Daga ranar da agwagin teku suka taru a bakin gaɓa, ba a hura wuta sai rana ta yi sama, ba a shanya, ba a buga ƙofa, yara da safa suke yawo suna raɗa. Macen za ta hau tudu mijin na bin ta a baya, tana leƙa wannan ɗaki tana leƙa wancan kamar mai neman haya, kuma in wani abu ya firgita ta a kwanakin nan na farko, ta koma ruwa ke nan, sai wata shekarar in an yi sa'a. Duk wannan don ɗan lallausan gashin da za ta tsige daga ƙirjinta ta rufe ƙwai, mu tattara bayan ta tafi mu cusa a bargo. Na daɗe da sanin agwagwa ta fi mu gata a gidan nan, kai ma ka sani.

A ƙarshen Afrilu muna gyaran komar kamun kifi a rumfa, sai Aslaug matar Petter, maƙwabcinmu, ta ce ai tsohuwar nan ba dutse ne ya riƙe ta ba, agwagi ne, a raba ta da su a gani in ba ta ɓanɓare da kanta ba. Petter ya ce to a dawo da kyanwoyi a sake su. Ni ce na ce a'a. Kyanwa za ta kashe goma, Inna ta zagi kyanwa, ta sake shimfiɗa wasu sheƙun. Na ce ba sai mun yi wani mugun abu ba, mu dai tashi da safe mu yi rayuwarmu kamar sauran mutanen duniya. Sai Aslaug ta tuntsure da dariya, ta ce wai Gunvor ashe ke ce shaiɗaniyar garin, ana ganin ki sumu-sumu. Ina so ka san shawarar tawa ce, kada ka ɗora wa Torleif ko wani.

Ranar goma sha ɗaya ga Mayu gari ya waye a kwance, ko ganyen ciyawa ba ya motsi. Tsuntsayen sun yi sahu a bakin ruwa, mazan fari da baƙi suna ɗan kukan nan nasu mai kama da gulmar tsofaffi, na gaba har sun fara taka tudu. Ni na fara hura murhu, da jiƙaƙƙen itace, don ya yi hayaƙi sosai. Kafin ka ce me, bututu bakwai suna tuƙa hayaƙi. Aslaug ta shanya fararen zannuwan gado tana karkaɗe su da ƙarfi. Petter ya hau rufin gidansa da guduma. Torleif ya tayar da injin jirgi ya bar shi yana ƙugi. Aka ce wa yara su fita su yi wasa, suka fita suka tsaya cirko-cirko suna kallonmu, don ba su san yadda ake ihu a watan Mayu ba. Sai da Aslaug ta raba musu murafen tukwane.

Abin da ban hango ba shi ne Inna ba za ta iya yi mana tsawa ba. Ita da muryarta ke kai wa ƙarshen tsibiri, ranar in ta ɗaga ta, ita ma ta shiga cikin masu korar. Sai ta fito da safa, tana bin gida gida tana raɗa. Ta je wa Aslaug, wai 'yar nan don Allah ki sauke zanen, ni na karɓi haihuwarki da hannun nan. Aslaug ta kama kunnenta, ta ce da ƙarfi wai Inna Magnhild ta ɗaga murya mana, ba ta ji, ko tsufa ne ya cinye mata harshe? Mutane suka yi dariya. Ta tsaya a gindin tsanin Petter tana ɗaga masa hannu, ya leƙo ya ce wai ta yi haƙuri, ƙusa ba ta jin raɗa. Daga nan ta dawo gida ta same ni a bakin murhu, hayaƙi na sa ta hawaye. Ta ce Gunvor kashe, kwana uku kawai nake roƙo. Na ce mata shekarata arba'in da uku ban taɓa shan gahawa mai zafi da safiyar Mayu ba, yau zan sha. Na zuba mata nata na ajiye a gabanta.

Ba ta taɓa kofin ba. Ta gangara bakin ruwa ta tsuguna tana kiran su da ɗan sautin nan da take yi da leɓe, suna kallon ta suna ja da baya. Kafin tsakar rana sun fice bayan duwatsun waje. Kwana huɗu muka yi muna haka. A cikin sheƙa ɗari uku da wani abu, goma sha ɗaya kawai aka hau, su ma a can bayan tsibiri, hankaki ya fasa rabinsu. Na ji tausayinta, ba zan ɓoye maka ba, har abinci ya kasa shiga mini. Amma tausayin bai kai ya sa na zuba wa murhun ruwa ba.

To duk da haka ba ta sa hannu ba. Ta ce tsuntsu ba ya riƙo, baɗi za su yafe mata, ita dai a bari ta ji daga Eilif. A tsakiyar Yuni jirgin wasiƙu ya kawo takardarka. Akwai abin da ba ka sani ba: hunturu biyu ke nan idon Inna ba ya ganin rubutu, ta hana a gaya maka don kada hankalinka ya tashi. Wasiƙun da kake samu da sunanta ni nake rubutawa, ko canjin hannun ba ka lura ba. Na buɗe taka na duba tukuna. Ka ce ta riƙe, kada ta bari kowa ya tursasa ta, baɗi ko baɗin baɗaɗa kana nan tafe da Doris da yara su ga tsuntsaye, har za ka gyara mata rufi. Abin da kake rubutowa ke nan shekara ashirin da biyu. Sai na zauna a gabanta na karanta mata cewa Eilif yana gaisuwa, ya ce ya sayi gida, Doris ba za ta iya zaman dutse ba, yara ba sa jin yarenmu, shi ba zai dawo ba, ta sa hannu ta daina wahalar da mutane. Ko tuntuɓen harshe ban yi ba. Ta ce in maimaita wurin, na maimaita kalma da kalma. Ta karɓi takardar ta shafa ta da yatsa, ta daɗe, sannan ta ce a kawo alƙalami. Ni na ɗora mata hannu a kan layin.

A watan Yuli muka kwance gidajen, katako bayan katako, aka sa wa kowanne lamba, aka loda a jirage. Inna ta zauna a kan akwatinta tana kallon gaba, ko waiwaye ba ta yi ba. Yanzu ɗakinta yana kallon titi, tana ƙirga motocin da take ji. Tun ranar ba ta ƙara ambaton sunanka ba. Hotonka na bikin aure ta sa Oddrun ta cire daga bango. Da fasto ya zo gaishe ta ya tambayi ɗanta na Amurka, ta ce yana can, ya sayi gida. Maganar wutar kuwa ta yafe mini. Shekaranjiya ina taje mata kai ta kama hannuna, ta ce wai Allah ya yi mini albarka, duk halina ni kaɗai ce ban guje ta ba. Na ce amin.

Ka gaishe mini da Doris da kyau, da Ellen da ƙaninta Raymond, ka ce gwaggonsu tana sa musu albarka. Ka gaishe da Kawu Hilmar in har yanzu yana gane mutane. Torleif yana gaishe ka, Oddrun da Sverre ma haka. Ban ce Inna tana gaishe ka ba, don ba ta ce ba. Kana iya rubuto mata duk abin da ka ga dama, shafi goma ma, amma ka sani ta bakina zai shiga kunnenta. Hanya ɗaya ta rage maka. Jirgi yana tsayawa a Sandvåg sau uku a mako, gidanmu shi ne ja na biyu daga tasha, ba wuyar ganewa. Ka zo da ƙafarka ka tsaya a gabanta ka ce Gunvor ta yi ƙarya. Ranar zan durƙusa in amsa laifina a gaban kowa, ta tsine mini in ta so. In kuwa baɗi ta zo ta wuce, baɗin baɗaɗa ta zo ta wuce, to ka zauna ka tambayi kanka, tsakanin takardar da ka rubuta da wadda na karanta, wacce ce ta gaya wa Inna gaskiya.

Allah ya ba mu alheri, ya haɗa fuskokinmu in da rabo.

Ni ce yayarka,
Gunvor