Na Sallami Sani Kafin Arba'in

Yaya Hadiza,

Ina gajiya, ina yara, yaya ƙafar Alhaji? Mu nan Argungu sai haƙuri.

Ɗana Sani yana hanyar zuwa wurinku Ikko. Sadakar arba'in ta babansa Alhamis ce, jirgin ruwan da yake wa aiki kuwa Juma'a zai tashi. Ya so ya tsaya, ya hau jirgin sama daga Sakkwato ranar Juma'ar. Na ce in na sama ya makara, na ruwa ba ya jiran maraya, kuma aikin nan ne ke riƙe da gidan. Na sallame shi tun Talata. Ya fita bai waiwayo ba.

Ki gaya masa ba ganinsa ne ya ishe ni ba. Ku sa marigayi Malam cikin addu'a. Gaida Alhaji.

Ƙanwarki,
Hauwa